KA DAINA BARI A YI WA WAYARKA FILASHIN KAFIN A BI SAWUN MATSALAR

Yau da faɗa na zo, kuma faɗan da kai ne mai karatu, da mai gyaran da kake kai wa waya, da kuma matasanmu masu koyon rubuta manhaja. Ka daure ka karanta har ƙarshe, darasin na ƙasa.

Kwanakin baya wani kawuna manomi ya taso daga Tsohon Birnin Gwari da wayarsa a aljihu. Matsalarta ɗaya ce tak: manhajar da yake hira da ita, da ya buɗe sai ta rufe kanta. Kira na shiga, kyamara na aiki, caji lafiya lau. Ya miƙa wa wani yaro mai shagon gyara. Yaron ko kallon allon bai yi ba ya ce, "Baba, wannan sai filashin." Aka yi filashin, aka karɓi kuɗi, waya ta dawo fes kamar sabuwa.

Fes ɗin nan shi ne asarar. A cikin wayar akwai saƙon murya inda wanda ya ɗauki masararsa bashi ya faɗi adadin buhunan da bakinsa. Akwai hotunan risit. Akwai muryar ƙanensa da ya rasu, wadda yakan kunna in kewa ta dame shi. Duk sun tafi. Abin da ya fi ƙona min rai, bayan 'yan makonni matsalar ta dawo yadda take, domin tun asali ma'ajiyar wayar ce ta cika da bidiyon guruf-guruf, kuma ta sake cika. Aikin minti biyar ne, a goge tarkacen bidiyo. Garin neman gira aka rasa ido.

Ni dai ra'ayina ke nan, kuma ba na shakkar faɗa: yin filashin kafin a duba dalilin matsala ba gyara ba ne, goge shaida ne. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san in an kora shanu da dare, abu na farko da safe shi ne bin sawu. Ba wanda zai ɗauko tsintsiya ya share ƙofar garke wai don wurin ya yi kyau. To ita ma waya tana barin sawu duk lokacin da manhaja ta faɗi, mu kuma muna biyan kuɗi a share mana shi.

ME KE FARUWA IDAN MANHAJA TA RUFE KANTA?

Ka ɗauka maigida ya aiki babban ɗansa ya sayo taki. Ɗan ya je kasuwa, ya aiki ƙanensa ya nemo mai kura. Ƙanen ya aiki abokinsa ya nemo igiya. Aike cikin aike ke nan. Kowa na tsaye yana jiran wanda ya aika, kuma ba mai komawa gida sai na ƙarshe ya dawo. Haka manhaja take aiki. Ka danna "tura", wannan aikin ya kira aikin buɗe fayil, shi ya kira aikin neman wuri a ma'ajiya, shi kuma ya kira wani. Waya na rubuta waɗannan kiraye-kirayen ɗaya bisa ɗaya, kamar lodin buhuna a mota: wanda aka ɗora ƙarshe shi ake fara saukewa. Wannan lodin mu kira shi tarin kira.

To idan na ƙarshen ya gamu da matsala fa, ya je ya tarar ba igiya? Sai labari ya fara komawa baya. Abokin ya koma wa ƙanen, ƙanen ya koma wa yayan, kowa na sauke abin da ya ɗauka, ana neman wanda ya san abin yi. Wannan shi ne warware tarin kira. In an samu wanda ya tanadi mafita, aiki ya ci gaba, kai ko sani ba za ka yi ba. In har aka kai ga maigida ba a samu ba, sai Android ta kashe manhajar, ta nuna maka cewa ta tsaya. Amma kafin ta kashe ta, takan rubuta jerin sunayen: wa ya aiki wa, kuma a wane layi aka yi tuntuɓe. Wannan jerin shi ne sawun.

DARASIN LISP

Akwai wani tsohon harshen kwamfuta mai suna Lisp. John McCarthy ne ya ƙirƙiro shi a 1958 a jami'ar MIT da ke Amurka, kuma cikin harsunan da har yau ake aiki da su, Fortran na 1957 ne sananne da ya girme shi. Reshensa da ake kira Common Lisp an kammala masa ƙa'ida a 1994. Na kawo shi ne don wata ɗabi'a tasa da ya kamata kowane mai gyaran waya ya koya.

A yawancin harsunan da aka rubuta manhajojin wayarka da su, irin su Java da Kotlin, kafin wanda zai magance kuskure ya karɓi ragama, an riga an sauke lodin da ke samansa. Jerin sunaye ya rage, amma 'yan aiken sun watse, abin da ke hannun kowa ya tafi. Common Lisp kuwa yana ba ka zaɓi. Akwai umarnin handler-case, mai warwarewa tukuna. Akwai kuma handler-bind, wanda ke kiran mai gyara alhali kowa na tsaye a inda yake, ba a sauke ko buhu ɗaya ba. Ka duba hannun kowa, ka ga abin da ya ɓace, har ma ka ce, "ga igiya, ci gaba daga inda ka tsaya." Wato a duba tukuna, sannan a yanke shawarar ko za a rushe.

Akwai kuma unwind-protect, wanda alƙawari ne: ko aiki ya yi kyau ko ya watse, in za a fice sai an rufe fayil ɗin da aka buɗe, an saki abin da aka riƙe. Masu gina tafintan Lisp, wato manhajar da ke juya rubutun ɗan Adam zuwa harshen inji, irin su SBCL da ya ɓalle daga CMUCL a 1999, sun san wannan wurin na daga cikin masu cin rai. Dole tafinta ya tabbatar an yi kowace shara a kan jerinta, daga ciki zuwa waje, an mayar da kowace ƙima yadda take a da. In ya tsallake mataki ɗaya, shirin ba lallai ya faɗi nan take ba. Zai ci gaba da tafiya da rauni a ciki, ya je ya faɗi can gaba, a wurin da ba ruwansa. Mai gaggawa sai ya kama wurin faɗuwar da duka, alhali tuntuɓen na baya. Har ila yau, tafinta mai son sauri yakan haɗe wasu kiraye-kiraye ya share su daga tarin, shi ya sa masu neman kuskure sukan umarce shi ya rage gudu ya bar sawu cikakke. Ka ga mutanen da suka san darajar shaida: sun yarda su rasa sauri don kada su rasa sawu.

Kada ka ce labarin aji ne kawai. A watan Mayun 1999 hukumar NASA ta miƙa ragamar kumbonta mai suna Deep Space 1 ga wata manhaja da aka rubuta da Lisp, ana kiranta Remote Agent. Ana cikin gwaji, kumbon na nesa da duniya da miliyoyin kilomita, sai wani sashe na manhajar ya tsaya yana jiran saƙon da ya riga ya wuce shi. Ba shagon gyara a sararin sama. Injiniyoyin suka bincika halin da manhajar ke ciki daga ƙasa, suka gano inda aka yi saɓanin, suka sake tsara gwajin, aka kammala. Waya tana hannunka, tsakaninta da idonka bai kai kamu biyu ba, amma ka yarda wai ba a iya gano ciwonta sai an goge ta?

RANAR DA LAIFIN BA NA WAYA BA NE

A ranar 22 ga Maris 2021, manhajoji da yawa a wayoyin Android a faɗin duniya suka dinga rufe kansu, har da Gmail. Dalilin shi ne wani sabuntawa da aka yi wa Android System WebView, wani ɓangare da manhajoji ke aro don nuna shafukan intanet. Google ya amince da matsalar, ya fitar da gyara, maganin kuma shi ne sabunta WebView da Chrome a Play Store. Kyauta, cikin mintuna. Duk wanda ya ruga aka goge masa waya a ranar, ya yi asarar kayansa a kan laifin da ba na wayarsa ba.

Mu kuma a nan asarar ta ninka ta wasu. Mutumin da ke Kaduna ko Kano da intanet mai ƙarfi, ƙila hotunansa da hirarsa na hawa Google kowane dare. Mu fa? Kun tuna daga ƙarshen Satumban 2021 zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a sassan Jihar Kaduna saboda tsaro, har da Birnin Gwari. Wata biyu ba abin da ya hau ko'ina. Ko yanzu, a ƙauyukan da ke bakin daji, wajen Kamuku da Kuyambana, sai an hau tudu ake samun sabis, data kuma da tsada. Ga mutane da yawa abin da ke cikin wayar shi ne kwafi ɗaya tilo a duniya. Ƙari a kan haka, tun daga Android 5.1 akwai kariyar da ke sa wayar da aka goge ta nemi asusun Google na baya kafin ta buɗe. Mutum nawa ne a cikinmu mai shago ne ya buɗe masa imel ranar da ya sayi waya, bai taɓa sanin kalmar sirrin ba? Sai a fita daga ƙaramar matsala a faɗa babba.

KUƊINKA MA DA SAWU YAKE DAWOWA

Ka je wajen mai POS, aka sa kati, sabis ya ɗauke a tsakiya. Alat ya shigo an cire kuɗi, na'ura ta ce bai yi ba. Wannan ma aike cikin aike ne: na'ura ta kira kamfaninta, shi ya kira mahaɗar bankuna, ita ta kira bankinka. An yanke a tsakiya, kuma warwarewar da ya kamata ta mayar maka da kuɗinka ba ta kammala ba. Me mutanenmu ke yi? Su dunƙule takardar da na'ura ta fitar su jefar, tunda "ai bai yi ba." Alhali takardar nan ita ce sawun. A jikinta akwai lambar RRN da ta STAN da ranar da lokacin, da lambar amsa: 51 na nufin kuɗi bai isa ba, 55 an yi kuskuren lambar sirri, 91 kuwa bankin ko mahaɗar ce ba ta amsa ba. In tiransifa ce tsakanin bankuna, akwai lambar zama mai alƙaluma 30. Babban Bankin Najeriya ya sa ƙa'ida tun watan Yunin 2020 cewa a warware rikicin POS cikin awa 72. Amma in ka je banki hannu rabbana kana cewa "ranar kasuwa ne, da yamma-yamma," ka wahalar da kanka ka wahalar da ma'aikacin.

NA SAN ABIN DA ZA KA CE

Za ka ce, "Ni ba injiniya ba ne, kuma rubutun da Turanci yake." Gaskiya ne. Ban ce ka gyara da kanka ba. Wanda ya kai marar lafiya asibiti ba likita ba ne, amma shi ke faɗin yaushe zazzaɓin ya fara, me aka ci, me aka sha. Aikinka ka adana shaida ka kai wa wanda ya iya karantawa.

Mai gyara kuma zai ce, "Mutane na layi, filashin ya fi sauri, kuma shi ke kawo kuɗi." Ɗan uwa, na san kana neman halaliyarka, kuma na san akwai ranar da filashin ne kaɗai mafita: wayar da ta maƙale a tambarin kamfani ta ƙi wucewa, ko wadda manhajar tushenta ta lalace. Ba da wannan nake faɗa ba. Faɗana da wanda ke yi wa kowace cuta allura ɗaya, kuma bai ko tambayi mai waya, "Baba, akwai abin da ba ka son rasawa a ciki?" Wannan tambayar ba ta cin ko minti ɗaya. Ka sa kuɗin dubawa daban, ka faɗa wa mutum gaskiyar abin da ka gani. Wanda ka ceto masa muryar mamacinsa ba zai sake kai waya wani shago ba.

Ku kuma ƙannena masu koyon rubuta manhaja, kuna da naku laifin. Na sha ganin wanda ya kama kuskure ya haɗiye shi shiru, ko ya sa manhaja ta ce "an samu matsala" kawai, don kada a ga aibinsa. Wannan filashin ne tun daga tushe, ka share sawu kafin kowa ya gani. Ka rubuta kuskuren a kundi, ka nuna wa mai amfani lamba ko bayanin da zai iya ɗauka a hoto, ka tabbatar abin da ka buɗe ka rufe shi ko da aiki ya watse. Kuma ka gwada manhajarka a inda sabis ke ɗaukewa a tsakiyar aiki, domin a nan mutanenka suke zaune.

ABIN DA ZA KA YI, BI DA BI

1. Ɗauki sikirinshot na saƙon da ya fito kafin ka danna komai. In wayar ta ƙi, ɗauke shi da wata wayar. Ka riƙe lokacin, da abin da kake yi sa'ad da ta faɗi.

2. Tambayi kanka: manhaja ɗaya ce ko da yawa? In ɗaya ce, matsalar na wajenta. In da yawa ne lokaci guda, tambayi maƙwabcinka ko tasa ma haka take. In haka ne, ka jira sabuntawa, kada ka taɓa komai.

3. Shiga setin ka duba ma'ajiya. In ta kusa cika, rage bidiyo, ka kashe saukar da kaya kai tsaye daga guruf.

4. Me ka sa ko ka sabunta kwanan nan? Musamman manhajar da aka turo maka ta Xender ko wadda ka sauke a wajen Play Store. Cire ta ka gani.

5. A bayanan manhajar akwai maɓallai biyu masu kama da juna. Clear cache na share tarkacen wucin gadi, ba ya cutarwa. Clear data na fitar da kai ya goge abin da manhajar ta ajiye a cikinta. Na farkon za ka danna. Na biyun sai ka tabbatar kana da kwafi.

6. Gwada Safe mode. A wayoyi da yawa, ka riƙe maɓallin kunnawa, sannan ka danne alamar kashewa har zaɓin ya fito. A nan manhajojin da ka sa da kanka ba sa tashi. In waya ta yi lafiya a haka, ɗaya daga cikinsu ce mai laifin.

7. In kana son sawun kansa, shiga bayanan waya ka danna Build number sau 7. Sabon sashe zai buɗe mai suna Developer options, a ciki akwai Bug report. Ka ɗauka da zarar manhajar ta faɗi, domin kundin ba shi da girma, sabon rubutu na ture tsoho. Wanda ya iya zai nemi inda aka rubuta FATAL EXCEPTION, da layin Caused by, wanda sau da yawa shi ke nuna asalin tuntuɓen. Hattara: rahoton na ɗauke da bayananka na sirri, kada ka jefa shi a guruf. In ka gama ka kashe sashen, don wasu manhajojin banki ba sa buɗewa in yana kunne.

8. In duk an bi waɗannan ba a dace ba, to a yi filashin. Amma kafin nan a kwashe hotuna da muryoyi zuwa memori ko kwamfuta, ka tabbatar lambobinka na cikin asusun Google, kuma ka shiga asusun da hannunka a wata waya don ka tabbatar ka san kalmar sirrin.

Kuma tun yau, ba sai waya ta fara ciwo ba, duk ranar da ka shigo gari ka samu sabis mai kyau, ka yi ajiyar hirarka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kawuna har yanzu yana bin kuɗin masararsa, mutumin na cewa buhunan ba su kai haka ba, kuma ba abin da zai kunna masa. Don haka gobe in ka miƙa wayarka aka ce maka "sai filashin," kada ka saki. Ka ce, "Me ka gani? Nuna min." In ya nuna maka, ka biya shi hakkinsa da daɗin rai. In ya kasa, karɓi abarka ka ƙara gaba.

Ka tura wa wanda ka san wayarsa ce littafin bashinsa. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Amin.